Telen Babana

A gidanmu na Tanut, da an idar da magariba mukan kewaye murhun kakarmu, Iya Gambo, tana tuƙa tuwon gero tana zuba mana tatsuniya. Wata rana da hantsi ta kama ni a ɗakin tarkace, na fara kwance bayan tsohuwar tele, wato talabijin, ta marigayi babana. Ba ta dake ni ba.

Da yamma ta ce, "Ga ta nan, amma ta yau babu Gizo a ciki."

Wai wani mai gyaran rediyo ne ya samo tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da wani ofis ya yar, don gilashinta ya mutu. Ya rantse sai ta nuna hoto a telensa. Da ya jona, sai layuka ke ta gudu sama. Ya buɗe cikinta, ya yanke wayar hoton, ya liƙa mata ƴan ƙarafa da dalma, yau ya ƙara, gobe ya rage, har damina ta wuce. Rannan rubutu ya tsaya cak, sai dai ya ɗan karkace.

"Ya yi ta kiran uwarsa, 'Iya, zo ki gani!' Ya zare wayar kuran, wato ta lantarki, daga bango, don mai hankali ne, ya zura hannu bayan telen zai daidaita. Ashe ko an kashe ta tana riƙe wuta a ciki. Ta yi jifa da shi, ƙeyarsa ta bugi turmi."

Yayata Hadiza ta ce, "Iya, to uwar ta zo?"

"Na zo," in ji ta.

Tuwon ya yi ƙauri a tukunya. Mu da aka ce mana zazzaɓi ne ya kashe babanmu! Hadiza ta fasa kuka, ni kuwa na kasa ɗauke ido daga yatsuna.

Iya ta dube ni. "Angona, ban hana ka sana'ar ubanka ba. Amma ka nemi mai koya maka."

Na daɗe ina jin haushinta. Sai da na girma, ina haɗa tsofaffin injuna da sababbin gilasai a shagona na Damagaram, na gane da "bari" kawai ta ce, da washegari na koma ɗakin nan. Ta zaɓi ta fama nata ciwon don in rayu.

Bara ƴata ta tambaye ni yadda kakanta ya rasu. Na ajiye aiki, na ce ta jawo kujera.