Hannun katafila da hannun Baba

Jiya ina bakin kanal a Bunkure, riƙe da keken da muke tura Baba, muna kallon Malam Bulus bakanike yana haɗa silindar katafilar da ke yashe kanal ɗin. Mai take zubarwa, hannunta ya saki, ga ciyawa ta toshe ruwa, shinkafarmu ta fara ƙishi.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bai leƙa gona ba, amma jiya ya dage sai an kai shi.

Malam Bulus ya sa sabbin robobi, aka ta da inji. A hankali hannun ya ɗaga kamar mai miƙa bayan barci, balbelu na shawagi a samansa.

Baba ya dubi hannunsa na dama. "Bulus, in ka gama da ita, ga nawa."

Malam Bulus ya goge tafinsa a wando, ya durƙusa, ya ɗaga hannun Baba. "Wannan gyaran na Allah ne, Baba. Ni dai zan riƙe maka."

Bai saki ba har ruwa ya fara gangarowa.

In na rufe ido har yanzu ina ganin su. Ku fa, wa ya taɓa riƙe muku haka?