Gizo-gizon Yaya da Tsuntsuwata

Daminar da muka taso daga Zongo muka koma unguwar Bobiel a Yamai, lokacin bayan gidanmu gonakin hatsi ne iya ganinka, wata safiya ina sharar ƙarƙashin rumfa sai yayana Sani ya riƙe mini tsintsiya. "Ke Hadiza, ɗaga kanki!" Wani gizo-gizo ne da ya kai tafin hannuna, ƙafafu dogaye baƙaƙe, bayansa rawaya, zaren saƙarsa na ƙyalli kamar an shafa masa man shanu. Kafin hantsi yaran unguwa sun cika gidan. Har mushe, wato malamin da ke koyar da Yaya a lakwal, ya leƙo, ya ce shi ma bai taɓa ganin irinsa ba.

Ni kuwa hankalina na wajen baiwar Allah, 'yar tsuntsuwar nan da ba gidan da babu ita. Ta yi sheƙa cikin zanar rumfar, 'ya'yanta sun fara fiffike, ga saƙar nan daidai bakin sheƙar, mai danƙon da har fara take riƙewa. In suka fito, cikinta za su faɗa. Na ce a share saƙar, Yaya ya ce sai dai a cire sheƙar.

"Irin taki ko a bola akwai su. Nawa ɗaya ne duk Yamai!"

"To ya yi waƙa mu ji mana!"

"Taki ta yi saƙa mu gani!"

Haka muka wuni, ina surfe muna musu, yana ba awaki dusa muna musu, har Inna ta ce in ba mu yi shiru ba duka biyun za ta kakkaɓe. Sai Kaka ta miƙe da ƙwarya da faifai, ta lallaɓa gizo-gizon da kara ya faɗa ciki, ta rufe. Yaya na biye da ita: "Kaka, a hankali, ƙafarsa!" Ta ce, "Kai maigida, rufe mini baki, ko ranar wankanka na fari ban yi wannan lallaɓawar ba." Ta sake shi tsakanin zogale biyu a bayan gida. Washegari ya yi sabuwar saƙa, kafin Juma'a kuma 'yan tsuntsayena suka tashi lafiya.

Yanzu gonakin nan duk sun zama gidajen bulo. Baiwar Allah har gobe tana sauka tsakar gidana tsintar tsaki, gizo-gizon kuwa ban sake ganin irinsa ba. In na ba 'ya'yana labarinsa sai su ce, "Mama, ina hoto?" Hoton yana cikin zuciyar Yaya da tawa, mu biyu kawai.