Tumbin Lonan

A shekarar 1961 Lonan ya fara haɗuwa da Sankunni, a rumfar da 'yan rawar damisa na unguwarmu ke taruwa a garin Thrissur lokacin bikin Onam. An aske musu gashin jiki, sun tsaya hannuwa a ware fenti yana bushewa, kowa na hararar cikin ɗan'uwansa. A kan tumbi ake zana fuskar damisar, kuma wanda ya fi tumbi shi ke shiga gaba. Da igiyar kwakwa ake gwadawa.

Lonan ɗan dako ne a kasuwar shinkafa, gajere, mai tsiwa. Coci ma sai matarsa Rosamma ta ja shi. Amma in ganga ta tashi ya kaɗa cikin nan, sai ka rantse damisar hamma take yi. Shekara da shekaru yana gaba, Sankunni mai shagon shayi na biye da shi da ratar yatsa biyu.

Wata damina taifot ya kwantar da Lonan, ya tashi fata na reto. Mai fenti ya dube shi ya ce, "Yaya, bana kyanwa zan zana ko ɓera?"

Washegari sai ga Sankunni da kwanon rogo da miyar kifi, har da soyayyar ayaba.

"Ci, ƙashi da rai. Ba zan kayar da tsinke a ce na yi nasara ba."

"Gishiri ya yi yawa," in ji Lonan, yana suɗe kwano.

Haka kullum har bikin ya zo, tumbi ya dawo, Lonan ya koma gabansa. Ko na gode bai ce ba. Yawo ma ya riƙa yi yana cewa girkin Sankunni ne ya hana shi ƙara yatsa uku.

Bayan shekaru gwiwoyin Sankunni suka fara ƙara, ya ce bana zai yi rawarsa ta ƙarshe. Ga shi ya aurar da 'yarsa, ya cika wa surukai baki cewa shi ne babbar damisa, su kuma suka ce za su zo daga Palakkad su gani. Labari ya iske Lonan a kasuwa. Da ya koma gida ya ce zai yi azumin Maryamu na kwana takwas, kuma tun yanzu zai fara, wata guda kafin lokaci, don ya rama na baya.

Rosamma ta taɓa goshinsa. "Kai ɗin? Da ke cin nama ko ranar Babbar Juma'a da coci ta hana?"

"Mace, kar ki shiga tsakanina da Allahna."

Kunun shinkafa kaɗai yake sha, dakon buhu kuwa bai rage ko ɗaya ba. Fada, limamin cocinsu, har ya kafa misali da shi a wa'azi.

Ranar gwaji Sankunni ya fi shi da faɗin babban yatsa.

"Tsufa ya cinye ka, Lonan!"

"Ibada ce, wawa. Me ka sani a kanta?"

Lonan ya yi rawarsa a layi na biyu, yana ihu daga baya: "Kaɗa shi sosai, tsoho, surukai na kallo!" Washegari, kananzir bai gama wanke masa fenti ba, ya aika a sayo naman shanu. Fada bai sake ganinsa ba sai Kirsimeti.