Cittar Mabel a Gindin Mangwaro

Obadiya ma'aikacin gandun daji ne a Azare, irin waɗanda ba a sa musu kujera a ofis. Aikinsa cusa ƙasa a leda, da shuka dogonyaro, da ban ruwa. Mutumin kudancin Bauchi ne, daga wani ƙauye a gindin duwatsu. Aiki ya kawo shi ƙasar Katagum shekarar da aka yi canjin kuɗi, shi da matarsa Mabel, suka kama haya a gidan Malam Hammawa. Allah bai ba su haihuwa ba.

Cikin kayan da Mabel ta zo da su har da wata saiwa ƙulle a tsumma. Cittar daji ce, daga kurmin bayan gidan uwarta. A can ba shuka ta ake yi ba. Ita ke shimfiɗa kanta a inuwar manyan itatuwa, ganye kan ganye, har ba a ganin ƙasa. Akan tono saiwar a dafa wa mai tari. To, amma Azare ina, kurmi ina? Rairayi ne da rana. Obadiya ya ce mata wahalar banza za ta yi. Mabel kuwa in ta sa kanta abu, sai dai ka matsa. Ta binne ta a gindin mangwaron tsakar gidan, ta rufe da busasshen ganye, ta ce kada wanda ya share.

Nan fa aka sha fama. Matan gidan ba su taɓa ganin mace mai hankali tana tara shara da gangan ba. Hajiya Halimatu, matar Malam Hammawa, takan tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Mabel, kunama kike kiwo?" Mabel ta yi dariya ta ci gaba da yayyafa ruwa. Da damina cittar takan fito kore shar, faɗin tabarma. Da rani ganyen ya bushe ƙurmus, ka rantse ba komai a wurin, alhali saiwar na kwance a ƙasa tana jiran ruwa.

Da Mabel ta rasu, aikin ya dawo kan Obadiya. Ya wuni yana shayar da itatuwan gwamnati, ya dawo baya na ciwo, ya sake ɗaukar bokiti ya nufi rijiya. Ba don yana son cittar ba, wallahi ko ƙamshinta bai dame shi ba. Abin da ya rage na matar ke nan, kuma ya gaji da rasa abubuwa. Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Ya tsufa, rijiyar ta ƙara zurfi.

Dab da zai bar aiki, ana saura kaɗan Kirsimeti, ya je gida ya duba inda zai koma. Lokacin wahalar mai ne, ya sha zaman tasha kafin ya isa. Ya tarar da kurmin babu shi. An sare, an yi gawayi, an yi gonar masara. Ya bi bakin rafin da ke wurin yana tona da sanda, ko saiwa ɗaya bai samu ba. Wani ƙanen Mabel ya ce ai rabonsu da ganin cittar nan an daɗe. Sai a nan Obadiya ya gane cewa duk abin da ya saura na kurmin surukarsa yana gindin mangwaro a Azare. Ya yi niyya in ya tashi dawowa gida gaba ɗaya zai tono cittar ya mayar da ita bakin rafin.

Ya koma Azare a gajiye. Yana shiga gida ya ga tsakar gida fes. Gindin mangwaro ya sha daɓe, sumul, sai sheƙi yake.

Hajiya Halimatu ta fito tana murmushi. "Malam Obadiya, sannu da hanya. Ka ga aikinmu? Muka ce wannan ne bikinka na ƙarshe da mu, ba za a ce baƙinka sun zauna cikin shara ba."

"Ganyen fa, Hajiya?"

"Mun tara shi a wurin mun cinna masa wuta. Ai shukar ta mutu tun kaka, na duba da kaina. Muka kankare ƙasar, muka zuba tsakuwa. Wuni muka yi muna bugu da matan maƙwabta, dubi hannuna."

Ya duba. Tafin hannun duk ya yi kanta, wani wurin ya fashe. Tsohuwa ce ita ma, kuma ita ce ta yi wa Mabel jinya. Me zai ce mata? Ya ɗauko fartanya ya fasa daɓen a gabanta, don ya tono abin da wuta ta riga ta dafa? Ya rasa wanda zai ji haushinsa.

"An gode, Hajiya," ya ce. "Allah ya saka da alheri."

Ranar Kirsimeti baƙi suka zauna a kan daɓen, suka ci shinkafa, kowa na yaba kyan wurin. Obadiya ya yi ta kai da kawo da kwanuka, bai zauna ba.

Washegari da yamma ƙafarsa ta kai shi rijiya kamar kullum. Ya ja ruwa, ya cika bokiti, ya ɗauko har gindin mangwaro. Ya daɗe a tsaye da shi a hannu. Sannan ya juya, ya kai ƙofar ɗakin Hajiya Halimatu ya ajiye.

"Malam, ruwan mene ne wannan?"

"Ki yi amfani da shi, Hajiya. Ba ni da inda zan zuba."