Hotona a Ƙofar Shagon Hajiya

Ni doguwa ce, baƙa, siririya. Haka mahaifiyata take, haka kakata ta Chinade take har ta koma ga Allah. Amma tun ina firamare a Azare ban taɓa shiga gidan biki na fito ba sai wata ta dafa kafaɗata ta ce, "Wai ke ba kya cin abinci ne?" An kira ni sillan kara, an kira ni falwaya. Ina dariya tare da masu faɗa, don an koya mini cewa mai fushi da wasa ba ta da tarbiyya.

Shekarar da na gama kwalejin ilimi ina jiran aiki, mahaifina ya ce maimakon zaman gida in riƙa zuwa shagon Hajiya ina taya ta. Hajiya 'yar baffansa ce, mace mai baki da iya kasuwa. Shagonta yana kan hanyar kasuwa. A gaba atamfofi ne da leshi da mayafai, a bayan labule teloli mata uku, a kanta ɗaya ta gefe kuma robobin man shafawa da kwalabe da ƙwayoyi, waɗanda take kira kayan gyara. Aikina shi ne in auna mata in rubuta awonsu.

A wurin awon nan na fara lura da wani abu. Da wuya in zagaya tef a jikin mace ba ta ba ni haƙuri ba. Mai jiki ta ce, "Yi haƙuri da tumbin nan, haihuwa ce." Siririya ta ce, "Ki ɗan ƙara a ƙugu, ko a ce da mutum a ciki." Matan da suka haifi 'ya'ya, suka riƙe gidaje, wasu malaman asibiti, wasu 'yan kasuwa, duk suna tsaye gabana suna neman afuwa kamar sun yi sata.

Ana saura 'yan makonni Sallah, Hajiya ta ce tana son a ɗauki hoton sababbin ɗinkuna. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke za ki saka. Tsawon nan naki yau ya yi rana."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ranar ce ta farko da wani ya ambaci tsawona ba da zolaya ba. Na tambayi mahaifina, ya ce in dai da mayafi a kaina kuma a gaban Hajiya ne, babu laifi.

Ranar ɗaukar hoton, ina cikin saka wata doguwar riga ta leshi ruwan toka, Hajiya ta miƙo mini wani gajeren wando mai soso a ciki, wanda mata ke kira a cuci maza.

"Saka wannan daga ciki, rigar ta zauna."

Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ba zan iya ba."

Ta taɓe baki ta ce shi ke nan. Mai hoton, wani magidanci mai shago kusa da tasha, ya yi aikinsa ya tafi. Na koma gida ina ta ba ƙanwata labari. Ita shekararta sha tara a lokacin, kamarmu ɗaya, sai dai na fi ta tsawo kaɗan.

Bayan kwana shida na sauka daga Keke a bakin shago, na ɗaga kai, sai na tsaya cak. An kafa ƙaton hoto a kan leda mai kauri, irin wanda 'yan siyasa ke yi, ya rufe rabin bangon. Rigar na gane. Mayafin na gane. Idanun ma nawa ne. Sauran kuwa ban san mai su ba. An mayar da fatata fara sol kamar ɓararriyar gyaɗa. An tsuke hancina. An share tabon da ke goshina tun faɗuwar da na yi a bakin rijiya ina ƙarama. An cika ƙirjin, an buɗa ƙugun har kabad ɗin da ke bayana ya lanƙwashe. Wandon da na ƙi sakawa, an saka mini shi da na'ura.

Na shiga shagon. Hajiya tana murmushi.

"Kin ga kanki? Ko a Kano sai haka."

"Hajiya, wannan ba ni ba ce."

"Ke ce mana. Gyara ki aka yi. Wata kuɗi za ta biya a yi mata haka, ke an yi miki kyauta kina ɓata rai."

Telolin suka yi dariya, ni kuma na haɗiye maganata. Wannan haɗiyewar tana cikin abubuwan da har yau nake jin haushin kaina a kansu. Da yamma na bi ta shagon mai hoto. Ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Malama, fatarki ba ta karɓar haske. Kuma in na bar hoto yadda yake, dawo mini da shi ake yi. Ku mata ku ne ke so." Na tambaye shi ko ni na ce ina so. Ya ce wadda ta ba shi aiki ta ce.

Hoton ya ja kasuwa. Mata suna shigowa suna nuna shi, wasu rigar suke so, amma da yawa kantar gefe suke nufa. Maza kuma, masu shayi da 'yan acaɓan da ke tsayawa a gindin bishiyar da ke kallon shagon, sun samu abin kallo. Ina wucewa ina jin abin da suke faɗa a kan ƙugun matar da ke bango, ba su ma san ni ce ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai: ana yi wa jikin ƙarya kirari da idanuna a kansa, ni kuma mai idanun ko sannu.

Wata Laraba da hantsi ina bayan labule ina ninke kaya, sai na ji wasu mata biyu daga Misau suna tambayar Hajiya.

"Wai da gaske yarinyar hoton a nan take aiki? An ce mana baƙa ce."

Hajiya ta rage murya, amma labule ba bango ba ne.

"Ita ce. Lokacin da aka ɗauki hoton tana kan haɗinmu, mai da ƙwaya. Sai ta yi taurin kai ta daina. Bari ta fito ku ga yadda ta koma. Shi ya sa nake gaya wa mutane, in an fara ba a dainawa."

Sai ta ɗaga murya ta kira ni in kawo tef.

Na fito. Matan nan suka dube ni, suka dubi juna, ɗaya ta ce, "Kai, subhanallahi." Da jikin da Allah ya ba ni, lafiyayye, wanda bai taɓa kwana asibiti ba, aka yi musu wa'azin abin da za su guje wa. Na ajiye tef ɗin a kan kanta na ce, "Hajiya, ban taɓa shafa man nan ba, ban taɓa shan ƙwayar nan ba, kin kuma sani." Ta ce in shige ciki, ba ta son rashin kunya a gaban baƙi. Na ɗauki jakata na tafi gida. Matan sun sayi kayan ko ba su saya ba, ban tsaya gani ba.

A gida na gaya wa mahaifina komai, na roƙe shi ya sa a sauke hoton. Ya ce, "Harkar mata ce wannan, ku sasanta." Baffana, wanda ba ya gajiya da yi mana faɗa a kan tsawon hijabi, ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, wa ya aike ni tsayawa gaban mai hoto? Yayana kuwa dariya ya yi ya ce, "To, mun samu 'yar feminis a gida." A lokacin ban gama sanin ma'anar kalmar ba. Na dai lura duk sanda mace ta ce an cuce ta, ita ake jefa mata don ta yi shiru.

Ina cikin wannan fushin ban lura da ƙanwata ba. Mahaifiyarmu ce ta fara cewa yarinyar nan ta yi kumari, har ana yi mata barka. Cin abincinta ya ninka, barci ya yi mata yawa. Cikin 'yan makonni fuskarta ta kumbura ta yi zagaye, wuyanta ya cika, ƙafafunta kuwa suna nan sirara. Wata safiya ina taya ta ɗaura zane na ga wasu jajayen layuka sun tsattsage mata ciki da cinyoyi. Ta fashe da kuka, ta jawo wata leda daga ƙarƙashin katifa. Ƙwayoyi ne ƙanana, irin waɗanda ake kira sha ka fashe, da robar mai wadda ba ta da ko rubutu. Daga kantar Hajiya ta saya, Hajiya da hannunta ta ba ta, ta kuma ce kar ta gaya mini.

Na riƙe kafaɗunta na girgiza ta. "Me ya kai ki? Ba ki ga abin da aka yi mini ba?"

Ta ce, "Yaya, na gani. Kullum sai na bi ta wurin in zan je islamiyya. Kamarmu ɗaya da ke. Na ga yadda za mu zama in mun gyaru."

Na sake ta na zauna a bakin gado.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta duba ƙwayoyin ta yi tsaki. Ta ce magani ne mai ƙarfi na masu wata cuta daban, kuma abin da muke gani kumburi ne, ba ƙiba ba. Jinin yarinyar ya hau, sukarinta ya hau. Likita ya ce ba za a yanke mata shi lokaci ɗaya ba, sai a hankali, in ba haka ba jikin zai iya faɗuwa. Mahaifiyata tana ta salati. Mahaifina ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ni.

Daga asibitin ban bi su gida ba. Ana gab da azahar na isa shagon, kasuwa cike. Na shiga bayan labule na ɗauki babban almakashin teloli, na jawo bencin mai shayi na hau. Na soka almakashin a gefen wuyan hoton na fara yanka. Ledar tana da tauri, hannuna ya yi ciwo, amma sai da na zagaye matar nan tun daga mayafi har ƙafa na ɓalle ta. Mutane suka taru. Wani yana cewa aljanu ne. Hajiya ta fito ba ko mayafi.

"Kin haukace ne? Kin san abin da na kashe a kan wannan?"

Na ce, "'Yarki tana asibiti, Hajiya. 'Yar ɗan'uwanki. Ke kika ba ta."

"Ni na ɗura mata? Da ƙafarta ta zo! Kowa yana sha, ita ce jikinta bai karɓa ba."

Na faɗa da ƙarfi, yadda matan da ke cikin shagon za su ji, cewa hoton ƙarya ne, ban taɓa fari ba, ban taɓa ƙiba ba, kuma duk mai son ganin aikin ƙwayar ta zo gidanmu ta gani. Na naɗe ledar na saka a hammata na tari Keke. A bayan gida na ƙona ta, warin roba ya cika unguwa.

Kwana biyu bayan haka manya suka zauna. Ba a kan yarinyar da aka kumbura aka zauna ba, a kaina aka zauna, ni da na tozarta babba a bainar jama'a. Aka ce in je in ba da haƙuri saboda zumunci. Mahaifina, a karo na farko, ya ce ita ma Hajiya tana da abin da za ta amsa, amma muryarsa ɗaya ce a cikin shida. Na je. Na durƙusa na ce ta yafe mini ɗaga murya da na yi. Baffa ya ce, "Da yankan hoton." Na ce wannan kam ko gobe aka sake kafawa zan sake yankewa. Aka tashi a haka.

Ba a yi wata guda ba aka kafa sabon hoto, da wata yarinya daga wata unguwa. Na san ta a makaranta, wankan tarwaɗa ce mai ɗan jiki. A bango ta fito fara, cikinta a shafe. Ita rage ta aka yi.

Ƙanwata ta ɗauki kusan shekara kafin fuskarta ta dawo. Layukan cikinta sun dushe amma ba su tafi ba, kuma har yau tana zuwa awon jini. Ta yi aure, tana da 'ya mace. Ni na samu koyarwa a wata makarantar 'yan mata a hanyar Sakwa, inda nake ƙwace robobin mai marasa rubutu daga akwatunan yara 'yan shekara sha huɗu, in kira iyayensu, wani lokaci in tarar uwar ce ta saya.

Shagon Hajiya ya ƙara girma, ta haɗa da na kusa da shi. Muna gaisawa a wurin suna da ta'aziyya, ina durƙusa mata kamar yadda aka koya mini. Ba ta taɓa zuwa duba ƙanwata ba, ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Mahaifiyata takan ce in bar wa Allah, in sauke abin daga raina. Nakan ce mata to, Inna. Amma ban sauke ba.