Tarihin Dattijo, Jirgin Koyon Tuƙi Mai Fukafukai Hawa Biyu

Asalinsa

An ƙera jirgin da daga baya aka yi wa laƙabi da Dattijo a shekarar 1941, a wani ƙaramin gari na kudancin Ingila, a hannun matan da yaƙi ya bar wa aikin kafinta. Katako ne da yadi da waya, da kujeru biyu marasa rufi, malami a gaba, ɗalibi a baya.

Aikin soja

A 1948 aka kawo shi ƙasar Malaya ta ruwa, inda ya shafe shekara goma sha huɗu yana horar da matuƙan soja. Kundinsa ya nuna mutum ɗari da sha bakwai ne suka fara tashi sama a cikinsa, kuma duk da gangancin ƙuruciya bai taɓa halaka ko ɗaya ba.

Ritaya

Da aka sallame shi a 1962, sai wata ƙungiyar masu sha'awar jirage ta ajiye shi a wata tsohuwar rumfa a unguwar Sentul da ke Kuala Lumpur, ta kafa kwamitin kula da shi. Kwamitin ya yi shekara hamsin da huɗu yana zama. Gara kuwa ba ta zauna ba.

Zamansa da Injiniya Haliru

A 2016 Injiniya Haliru Maitama, Bakano mai koyarwa a Kuala Lumpur, ya gan shi, ransa ya ɓaci, ya nemi izinin gyara shi kyauta. Kowace Asabar yana can. Ya sauya katakon da gara ta ci, maiɗakinsa Murja ta ɗinka wa fukafukan sabon yadi da hannunta, har injin ya tashi a 2019. Abu ɗaya ya roƙa: a gyara rufin rumfar. Wasiƙa goma sha ɗaya ya rubuta, shugaban kwamiti yana amsa masa da "Boleh, boleh," wato za a yi.

"Baban Hassan," in ji Murja, "wannan boleh ɗin tasu ba ta tare ruwan sama."

"Na sani! To ni zan hau rufin? Ko tsani sai kwamiti ya zauna."

Rasuwa

A watan Disambar 2021, bayan kwana biyu ana tafka ruwa, rufin ya rufto ya karya jirgin gida uku, yana da shekara tamanin. A karon farko kwamiti ya yanke hukunci cikin yini guda: aka kira masu gwangwan suka kwashe shi. Haliru da Murja kaɗai suka raka motar zuwa bakin titi.

Dattijo ya bar farfelarsa, da kundinsa da ke hannun Haliru, da ɗalibai uku a raye. Ƙaraminsu, ɗan shekara tamanin da biyar, ya bugo waya a makon yana tambayar ranar da jirgin zai sake tashi. Haliru ya ba shi lambar shugaban kwamiti.