Ƙwaya Huɗu a Gora Ɗaya

Shekarar da na cika arba'in na kamu da kallon bidiyon masu ratsa hamada da ƙafa. Kimiyya nake koyarwa a wata sakandare a Kafanchan, hamada kuwa ko a mota ban taɓa ganinta ba. Sai na ce bari in gwada ƙarfina a gida tukuna: daga Madakiya zuwa Kachia, ta daji, cikin zafin watan Maris. Na ji ana cewa gwanaye ba sa jibgar ruwa, a hanya suke samunsa. Don haka gora ɗaya na ɗauka, da ƙwayoyin tsaftace ruwa da na saya a kemis.

Kafin azahar gorar ta ƙare. Rafin da taswirar wayata ta zana da shuɗi, da na isa yashi na tarar da kashin shanu. Na zube a bakinsa, ko yawun haɗiya babu.

Ina nan sai ga wata tsohuwa da fartanya da ɗan bokiti, za ta gona.

"Sannu, Mama. Don Allah ina ake samun ruwa a nan?"

"Kana zaune a kan shi," in ji ta.

Ta je inda rafin ya yi kwana, ta tona yashin har gwiwar hannu. Ruwa ya fara tsattsafowa, ja kamar kunu. Ta cika bokitin, ta kwance 'ya'yan zogale daga bakin zaninta, ta daka a kan dutse, ta zuba, ta motsa.

"Jira, ɗana."

Ina! Malamin da ke cikina ya riga ya tashi. Na gaya mata ni ticha ne, na yi mata lacca a kan ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Na cika gorata daga ramin. Na yi lissafi cewa ruwa mai dattin wannan ya fi ƙarfin ƙwaya ɗaya, na jefa huɗu, na girgiza, na kafa kai.

Kamar na sha ruwan wankin banɗakin asibiti. Maƙogwaro ya ɗau wuta, hawaye suka zubo, na durƙusa na dawo da shi duka, har da ƙosan safe.

"Ticha, wannan magani naka, cuta yake kashewa ko mutum?"

Kafin in dawo hayyacina dattin bokitinta ya kwanta. Ta tace ruwan da ɗankwali a gorata, ta miƙo hannu.

"Kawo guda ɗaya."

Ashe ta san ƙwayar sarai, an raba musu a coci lokacin amai da gudawa. Ta ɓantari kaɗan ta jefa.

"Rabin awa. Ba su rubuta a takarda ba?"

Na duba. Sun rubuta, da manyan baƙaƙe.

Muna jira na gaya mata Kachia za ni da ƙafa, ta tambaye ni wa ya mutu a can. Na ce babu. Ko alkawari na yi wa Ubangiji? Na ce a'a, motsa jiki ne kawai. Sai ta ce idan jiki nake son motsawa, akwai kunya ashirin a gonarta da ba a yi ba.

Na sha ruwan, na yi mata kunya biyu karkatattu, ta karɓe fartanyarta. Ita ta nuna mini hanyar titi. A bayan motar citta na koma gida, zaune kan buhunhuna ina atishawa. Kwana uku muryata a dishe, 'yan ajina suna yi mini sannu da mura, ina amsawa.